Eriyar Ciki ko ta Waje: Nazari kan Na'urar Gano Kifi a Tabkin Madarunfa

Masuncin Madarunfa ba ya ɓatan wurin da ya bar kallinsa. Idan ya tura jirgi da asuba, yakan ɗauki wata doguwar itaciya ta ƙetare ya saita ta da hasumiyar masallaci ko rufin wani gida da ke bayanta, ya yi ta tuƙi har su hau kan juna a idonsa, sannan ya waiga gefe ya nemi wasu alamun biyu. Inda layukan suka gamu, nan kallin yake. Da wannan gwaninta ce duk wata na'urar zamani za ta kara a kan wannan ruwa, kuma wanda ya shiga maganar GPS a nan bai san da ita ba, zai sayi abin da ba ya buƙata.

Na'urar gano kifi ta daina zama kayan manyan jiragen teku kaɗai. Yanzu akwai ƙanana waɗanda allonsu bai wuce tafin hannu ba, masu aiki da batir irin na babur, kuma abin da ya shiga kasuwar Kano ba ya daɗewa bai bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ya iso Maraɗi ba. Wanda ya tashi sayenta, ko ƙungiyar masunta ce, ko ma'aikatan ruwa da gandun daji, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai aikin bincike, zai tarar da zaɓi biyu: na'ura mai eriyar GPS a cikin jikinta, ko wadda ake haɗa wa eriya daban da waya a kafa ta wani wuri a jirgi. Shawarwarin da ke yawo game da wannan zaɓi an tsara su ne don jiragen Amurka da Turai masu ɗaki da rufin ƙarfe da inji mai gudun mota. Jirgin katako da ake tuƙawa da filafili nasa sha'anin daban ne. Abin da nake son kafawa shi ne, a Madarunfa aikin da za a sa na'urar ne ke yanke hukunci: mai kamun kifi eriyar ciki ta ishe shi, mai auna zurfin tabki kuwa bai kamata ya fita ba tare da ta waje ba.

Tabkin yana kudu da birnin Maraɗi da tazarar kilomita 20 da ɗoriya, kuma Gulbin Gabi ne babban mai shayar da shi. Idan ya cika da damana yakan kai kimanin hekta 800, da rani ya ja baya ya bar wa masu lambu fadama. Zurfinsa na kaiwa da kawowa tsakanin mita 1.5 da mita 5 gwargwadon wuri da lokaci. A 2006 Nijar ta sa shi, tare da gandun dajin da ke kusa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Ga mai nazarin eriya, lambobi biyu ne abin lura. Hekta 800 murabba'in kilomita 8 ke nan, ruwan da faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, wanda gaɓarsa ba ta ɓacewa ido sai cikin duhu ko hazo mai kauri. Zurfin kuma na kududdufi ne idan aka gwada shi da ruwan da aka ƙera na'urorin dominsa.

Kunne a ƙasa, eriya a sama

Abin da ake kira na'urar gano kifi abu biyu ne a kwanso ɗaya. Na farko wani ɗan curi ne da ake nutsarwa cikin ruwa a jikin jirgi. Zan kira shi kunne, ko da yake shi ne bakin kuma: yana harba sauti ƙasa, ya saurari amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiya kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, saboda haka a zurfin mita 3 ya je ya dawo cikin kashi 4 bisa 1,000 na daƙiƙa, daga nan na'urar ke lissafa zurfin. Sautin yana buɗewa kamar hasken tocila. A kan kilohaz 200, wanda ƙananan na'urori suka fi amfani da shi, buɗewar takan kai digiri 20, ma'ana faɗin da'irar da yake haskawa a ƙasa kusan sulusin zurfin ne. A mita 3, abin da kunnen ke ji bai wuce da'ira mai faɗin mita 1 ba, ko tsawon tabarma bai kai ba.

Na biyu shi ne GPS, wanda babu ruwansa da kifi, aikinsa kawai ya ce "nan kake". Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta gina tsarin. An harba tauraron farko a 1978, ya cika aiki a 1995 da taurari 24, yau kuma akwai kimanin 31 da ke shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro na aiko da saƙon lokaci a kan megahaz 1,575.42. Na'urar tana auna jinkirin isowar saƙon daga taurari akalla 4, ta fitar da wurinta. Kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa. Har zuwa watan Mayu na 2000 Amurka tana gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, kuskure ya kai mita 100. Tun da aka daina, na'ura ta gama-gari a fili takan faɗi wuri da kuskuren mita 3 zuwa 5. Sabbin na'urori da yawa kuma suna haɗawa da GLONASS na Rasha, wasu har da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, sai taurarin da suke gani su ninka.

A ajiye waɗannan lambobi biyu kusa da juna: kunne na jin faɗin mita 1, GPS na kuskuren mita 3 zuwa 5. Idan masunci ya ga wani kututture a ƙasan ruwa ya danna alama, gobe na'urar za ta dawo da shi unguwar kututturen, amma ba za ta ɗora shi a kansa ba, sai ya yi 'yan zagaye yana kallon allo. Wannan kuskure daga sama yake zuwa da cikin lissafi, kuma eriyar waje ta gama-gari ba ta kawar da shi. Da yawan masu saye suna zaton eriyar waje "ta fi ƙarfi". Guntun lantarkin da ke cikin ta waje da na cikin allo galibi aji ɗaya ne. Abin da ta waje ke sayarwa shi ne 'yancin zaɓar inda za a kafa ta.

Me ke tare sama a Madarunfa?

Saƙon da ya yi tafiyar kilomita 20,200 yana isowa a raunane, har ya fi hayaniyar da ke cikin na'urar kanta rauni, sai da dabarar lissafi ake tsamo shi. Ƙarfe na tare shi gaba ɗaya. Ruwa na shanye shi, kuma jikin mutum yawancinsa ruwa ne, haka ɗanyen ganye. Busasshen katako, roba, tampol, buhu da zana kuwa yana ratsa su ba tare da wata hasara mai yawa ba. Hazo da ƙurar hunturu ba sa hana shi, ruwan sama ma bai cika damunsa ba. To, a jirgin da ke da ɗakin alminiyom, inda allo ke ƙarƙashin rufi, dole a fitar da eriya waje ta ga sama. Jirgin Madarunfa shi kansa waje ne. Ba rufi, ba bene, ba dutse a gefe, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce har inda ido ya tsaya. Eriyar ciki da ke ɗaure a kan katakon zama tana ganin sama kusan daga gabas har yamma. Wuri ɗaya da za ta ɗan wahala shi ne ƙarƙashin manyan itatuwan bakin gaɓa, musamman da damana idan ruwa ya shiga cikinsu, kuma a can ita ma ta waje ganyen zai rufe ta.

Matsalar da na fi jin tsoro ta zafi ce. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na wuce digiri 40 a inuwa, allo baƙi a tsakiyar ruwa kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, ga hasken rana da ke hana a ga rubutu. Abin da kowane mai hankali zai yi shi ne ya yi wa na'urar rumfa, kuma abin da ya fi kusa da hannu a garuruwanmu shi ne guntun kwano ko faifan tsohon gwangwani. Da an kifa mata kwano, an toshe mata sama. Sai a ga alamar jirgi tana tsalle a allo, a ce na'urar jabu ce, ko a ce sai an sayo eriyar waje. Maganin bai kai haka ba: a yi rumfar da katako, ko roba, ko malfa ta kaba. Haka nan mai tuƙi kada ya duƙufa a kanta ya rufe ta da ƙirjinsa lokacin da yake danna alama.

Akwai kuma abin da ba eriyar da ke maganinsa. Can sama akwai wani sashe mai cike da ƙwayoyin lantarki, masana na kiransa ayonosfiya, wanda ke jinkirta saƙon taurari. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Nijeriya, kudu da mu kaɗan, kuma yankunan da ke kusa da wannan layi su ne suka fi fama da rikicewar ayonosfiya bayan faɗuwar rana har zuwa tsakar dare, musamman wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Wannan kuwa lokacin zuba kalli ne da mamari. Idan na'ura ta yi ta rawa bayan magariba alhali da hantsi lafiya lau take, mai yiwuwa laifin na sama ne. Abin da ke rage jinkirin shi ne na'ura mai kama saƙo biyu, wato ta ƙara da na megahaz 1,176.45, ta gwada su ta cire bambancin. Wani abin kuma, a jerin saitin na'urorin nan za a ga WAAS ko EGNOS, tsare-tsaren gyaran kuskure ne na Arewacin Amurka da na Turai, tashoshinsu na ƙasa ba su shafe mu ba, don haka ƙarin daidaiton da ake tallatawa a jikin kwali bai iso nan ba. Hukumar ASECNA, wadda Nijar ke cikinta, tana gina na Afirka, har ta watsa saƙon gwaji a 2020 ta tauraron Nijeriya NigComSat-1R, amma jiragen sama aka nufa da shi tun farko.

Hujja biyu ake yawan kawowa don eriyar waje. Ta farko ita ce saurin sabunta wuri: wasu na yi sau 10 a daƙiƙa, alhali tsofaffin na ciki sau 1 ne. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, shi kam yana buƙata. Mai filafili da ke tafiyar kilomita 3 a awa ko mita 1 bai ci ba a daƙiƙa. Wannan hujja ta faɗi. Ta biyu ta fi nauyi. GPS bai san inda gaban jirgi ya fuskanta ba, inda jirgin ya matsa kawai ya sani. Idan ana tafiya a hankali ko iska na jan jirgi a karkace, kibiyar allo sai ta yi ta juyi kamar ta ruɗe. Wasu eriyoyin waje, irin Point-1 na Lowrance ko GPS 24xd na Garmin, suna ɗauke da kamfas a cikinsu wanda ke tsayar da kibiyar ko jirgi na tsaye. Wannan amfani ne na gaskiya ga jirgi mai tafiyar hawainiya. Sai dai a nan ne itaciyar ƙetare da hasumiyar masallaci ke dawowa. Mutumin da ke ganin gaɓa ta ko'ina, wanda ya san gabas ko cikin barci, ba ya buƙatar kamfas na lantarki ya gaya masa inda ya dosa.

Sannan a duba ɗawainiya. Eriyar waje iri biyu ce: akwai eriya zalla mai doguwar waya, wadda saƙo ke ƙara rauni a cikinta gwargwadon tsawonta, akwai kuma mai cikakkiyar na'ura a ciki wadda ke magana da allo ta tsarin NMEA 2000, da nasa wayoyi da mahaɗai da wutar da yake ci. Kowane mahaɗi ƙofa ce ta ƙura da danshi da tsatsa. Ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi, irin Garmin Striker 4, ba su ma da ƙofar da za a soka eriyar waje, wanda ya nace sai ita dole ya hau zuwa manyan alluna masu tsada da cin batir. Ƙaramar na'ura na cin kusan rubu'in amfiya, batir mai amfiya-awa 7 zai riƙe ta yini guda har da saura, da yamma a cire ta a sa a jaka a tafi da ita gida. Eriyar da aka ɗaure da kusoshi kuwa a bakin tabki za ta kwana, inda shanu ke shan ruwa yara ke wasa. Idan wayarta ta tsinke, ba a rumfar mai gyaran rediyo za a samu irinta ba, kuma duk wanda ya ga yadda rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ya tsayar da kaya a Jibiya ya san abin da jiran kayan gyara yake nufi.

Inda eriyar waje ta zama dole

Gaskiyar da masu sayarwa ba za su faɗa ba ita ce, a ruwa mai zurfin mita 2 ko 3 na'urar ba ta da wani abin kirki da za ta ƙara wa gwanin masunci wajen kamu. Tarwaɗa na kwance cikin laka, a allo sai ta saje da ƙasa. Karfasa na gudun inuwar jirgi kafin ya iso kanta. Ciyawar ruwa na fitowa kamar garken kifi. Babban amfaninta a Madarunfa, a ganina, shi ne auna tabkin kansa. Kowa na faɗar cewa yashi na cike shi, ga zaizayar ƙasa daga gonakin da aka sare itatuwansu, ga sauyin da tafiyar ruwa ta samu a kwarin Gulbin Maraɗi tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina. Amma "tabki na cikewa" magana ce ta baki har sai an ce santimita nawa, a wane ɓangare, cikin shekara nawa. Wannan kuwa sai da taswirar zurfi da ake maimaitawa.

A wannan aiki kowane awon zurfi dole ya tafi da wurinsa, kuma wurin da na'ura ke rubutawa shi ne inda eriya take, alhali zurfin na inda kunne yake. A ɗauka allo mai eriyar ciki yana gaban jirgi, kunne yana baya, tsakaninsu mita 5. Idan aka nufi gabas, duk awon zai gusa mita 5 gabas. Da aka juyo yamma a layi na gaba, zai gusa mita 5 yamma. Bakin kwarin da yake miƙaƙƙe a ƙasan ruwa sai ya fito a taswira kamar haƙoran zarto, da saɓanin mita 10 tsakanin layi da layi. Kuskuren taurari yana warwatse ne, yau dama gobe hagu, idan awo ya yi yawa sai ya cinye kansa. Wannan kuwa kuskure ne mai bin tsari, yawan awo ba ya rage shi, kuma idan baɗi aka zo da wani jirgin mai wani tsawon, za a ga "sauyi" a ƙasan tabki wanda bai faru ba. Maganinsa sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya da za a ɗaure a gefen jirgi, kunne a gindinta cikin ruwa, eriya a kanta. Kada a yi mata tsawo fiye da kima, don duk tangaɗin jirgi kan doguwar sanda ya fi jinsa. Ta ɗan wuce kawunan mutanen da ke zaune ya isa. Idan mai kamfas ce, a nisanta ta da inji da batir da duk wani ƙarfe.

Aikin bai fi ƙarfin mutane ba. Idan aka ja layuka da tazarar mita 50 a kan murabba'in kilomita 8, jimlarsu kilomita 160 ke nan. A tafiyar kilomita 4 a awa, awa 40, aikin mako guda da 'yan kwanaki. Amma akwai sharuɗɗan da eriya ba ta ɗauke su. GPS ya fi yin kuskure a tsaye fiye da a kwance, don haka ba a dogara da shi wajen sanin tsayin fuskar ruwa. Sai an kafa turken siminti mai ma'auni a bakin tabki, a karanta shi kowace safiyar awo, in ba haka ba ba za a bambance ruwan da ya ragu da ƙasar da ta taso ba. A riƙa gwada abin da allo ya faɗa da gora mai zane-zanen awo, don laka mai laushi na ruɗin kunne. Na'urar kuma ta kasance mai katin ajiya da za a iya kwashe bayanansa zuwa kwamfuta, taswirar da ta maƙale cikin allo ba ta da amfani ga mai bincike. Wanda kuɗinsa bai kai ga eriyar waje ba yana iya ɗaure allon kansa a kan sandar, daidai saman kunne, ya samu mafi yawan wannan fa'ida, ko da yake zai sha wuyar karanta shi.

Wani abu guda ya tsaya mini a rai. Ramukan da suka fi zurfi su ne mafakar iyayen kifi a ƙarshen rani, kuma abin da ya kare su har yau shi ne ba kowa ya san su ba, wanda ya sani kuma yana jin maganar Sarkin Ruwa. Taswira na mai da sirrin gado lambobin da ake turawa ta wayar salula. Tabki mai hekta 800, wanda ake taimaka wa da zuba irin kifi, ba zai jure kowane jirgi ya sauka kan kowane rami ba. Saboda haka taswirar ta zauna a hannun Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta da ma'aikatan ruwa da gandun daji tare, kuma aikin farko da za a sa ta shi ne shata wuraren da za a hana zuba kalli idan ruwa ya ja.

Ga masuncin da ya ga yana son na'urar, ya sayi ƙarama mai eriyar ciki, ya ɗaura ta kusa da kunnenta, ya yi mata rumfar da ba ta ƙarfe ba, sauran kuɗin ya sa a batir mai kyau da ɗan faifan sola. Ga hukumar gari da jami'a da masu ayyukan raya karkara, eriyar waje ɗaya tak ake buƙata a Madarunfa, a kan sanda ɗaya, a jirgin awo ɗaya. A kafa turken ma'auni tun da rani, a fita awon farko a watan Oktoba lokacin da tabki ya cika, a kuma koma kan layukan nan a watan Mayu.